Garin Kunun Hajiya Wasilatu

Withington, Manchester
Farkon Fabrairu

Gwaggo Khadijatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Ja'afar da amaryarsa. Yaya gwiwar? Don Allah kada sanyin unguwarku ta Small Heath ya hana ki zuwa wurin GP, likitan unguwa. Tunda kin ce kunnenki ba ya ɗaukar maganata a waya, ga takarda.

Saƙo ya iso: kuka, daddawa, yaji, da garin kunun nan na cikin gwangwani. Allah ya saka da alheri. Sai dai garin ba ni na sha ba, Ottavia ce, 'yar Italiyar nan da muke zaune a flat ɗaya, wadda kika ce iska za ta iya ɗauke ta.

Sana'arta tseren ƙananan jiragen ruwa, irin masu zane da iska ke turawa. Tun tana yarinya take kame bakinta, domin jirgin da ta saba na marasa nauyi ne. Yanzu an sauya mata jirgi, sabon kuwa na masu jiki ne: idan iska ta taso, mutum yakan rataya a gefe ya danne shi da nauyinsa. A watan gobe za a yi tseren zaɓe a tsibirin Sardiniya na Italiya, kuma mace ɗaya kawai ƙasarsu za ta tura gasar duniya. Ottavia ta haura talatin. Ta ce wannan ne na ƙarshe gare ta.

Jinyar kafaɗa ta kawo ta Manchester. Kafaɗar ta warke, ƙiba ce ta gagara. Za ta sa abinci a gaba, cokali biyu ta ture, sai ta tashi ta yi ta zirga-zirga tsakanin kicin da taga tana kallon yadda iska ke kaɗa itatuwa. Da na ga haka na dama mata kunun. Gwaggo, yanzu tana cin tuwo kamar mai jego! Kumatunta sun fito. Ta ce in gaya miki ke ce kociyarta ta biyu, kuma in akwai saura a ƙaro.

Ki gaida kowa.

'Yarki,
Zuhra

*

Withington
Ƙarshen Fabrairu

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya. Ja'afar ne zai kawo miki wannan hannu da hannu, ba zan jira gidan waya ba. Ki dakatar da aiko garin.

Jiya Chloe, mai gasa wa Ottavia kafaɗa, ta dubi fuskarta ta ce wannan kumburi ne, ba ƙibar abinci ba. Ta tambaye ta ko tana shan wani magani. Ottavia ta ce babu, sai kunun Zuhra. Chloe ta nemi ganin gwangwanin, ta juya shi ba ta ga rubutun komai ba, ta ajiye shi a hankali.

Ga dokarsu, na karanta ta da kaina. A wurin tsere ana ɗibar fitsarin 'yan wasa a gwada. Idan aka samu haramtaccen magani, ba a tambayar wa ya dama, wa ya miƙa. Na jikinta nata ne. Za a iya ƙwace sakamakonta, a dakatar da ita, sunanta kuma ya shiga jaridu a matsayin mai maguɗi.

Na tuna kin ce wurin Hajiya Wasilatu kika karɓo, wadda ke yi wa amare haɗin ƙiba a bayan titin Coventry Road. Gwaggo, ki je gidanta da ƙafarki. Na san ba a tambayar mai sana'a sirrin haɗinta, kuma na san zumuncin da ke tsakaninku tun zuwanki ƙasar nan. Ki ce mata ba gero da gyaɗa muke tambaya ba, kuma ba mai kai ta gaban hukuma. Abu ɗaya muke so mu sani: akwai ƙwaya a ciki ko babu? In akwai, wace iri? Chloe ta aika da garin a gwada, amma sakamakon ba zai fito ba sai an gama tseren.

Ottavia ta haɗa kayanta, ta kwance, ta sake haɗawa. Ni ma na kasa zama in yi karatuna a laburare. Na yi shekaru a gidan jarida a Kano ina hana sababbin ma'aikata buga abin da ba su tantance ba, sai ga ni ina ɗura wa mutum abin da ban san asalinsa ba.

Ki ba Ja'afar amsa ya dawo da ita. Allah ya ƙara miki lafiya.

Zuhra

*

Withington
Maris

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya mutanen gida? Amsarki ta same ni. Na gode da kika je, na kuma ji yadda Hajiya ta fara da faɗa ta ƙare da kuka. Na yarda ba ta san illar ba. Amma ƙwayar dexa da take dakawa a garin don buɗe ciki tana cikin abubuwan da aka hana a lokacin tsere.

Na gaya wa Ottavia a tsaye a kicin. Ta saurara har na gama, sannan ta kira likitan hukumar wasan ƙasarsu da kanta. Ya ce zai yiwu maganin ya fita daga jikinta kafin ranar, zai yiwu kuma bai fita ba, tunda ba wanda ya san yawan abin da aka zuba. Ni da bakina na ce mata ai ba kowa ake gwadawa ba. Ta dube ni, ta ce wadda ta ci ita ake fara gwadawa, ita kuwa ba don ta zo ta biyu za ta je ba.

Ta nemi a ɗaga mata ranar, aka ce ba a ɗaga tsere don mutum ɗaya. Ta janye sunanta.

A kwamfuta ta kalli tseren, a teburin cin abincinmu. Iska ta yi ƙarfi a Sardiniya, irin wadda Ottavia ta yi wata da watanni tana shiri dominta. Jikinta yana karkata duk lokacin da jiragen suka juya. Wata yarinya da ita ta koya wa tuƙi ce ta ci.

Tunda amaryar Ja'afar ma tana shan garin, ki karɓe shi ya zauna a hannunki, amma kada ta daina sha lokaci ɗaya, hakan ma yana da illa, ta ga GP tukuna. Ki gaya wa sauran matan. Dambun naman da kika ce za ki aiko na ban haƙuri, ki bar shi. Ba ta cin komai yanzu sai abin da ta buɗe da hannunta.

Jibi za ta koma Italiya, ta riga ta mayar da makullinta. Ta ce in gaishe ki, in gaya miki ba ta riƙe ki a zuciya ba. Ni ba ta ce min haka ba.

Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Zuhra