Gwiwoyin Wandonka

Memphis, 9 ga Mayu, 1966

Zuwa ga Lemuel, sanyin idona, ruwan farko a gonar auduga, mai muryar da ke sa keken ɗinkina ya tsaya cak!

Ƙunshinka ya iso daga Chicago. Na kwance shi ina neman wasiƙa, sai ga shuɗin wando, gwiwa biyu a yage, da 'yar takarda: "Ozella, ki taimaka kafin Asabar." Na goma sha ɗaya ke nan tun da ka fara yawon waƙa.

Don Allah, wai yaya kake yi ne? Direban motarku ya ce in waƙa ta yi waƙa sai ka zube a kan gwiwa kana roƙon wata kada ta tafi, mata na ihu har wasu su suma. Wace ce ita? In ka rufe ido, fuskar wa kake gani? Ba ka jin zafi? Nakan shinshina yadin in ji ƙurar garuruwan da ban taɓa takawa ba, ina tambayar kaina ko a can na faɗo maka a rai.

Ka tuna ranar da ka bar mawaƙan cocinmu, Fasto ya ƙi amsa gaisuwarka? Muka zauna bakin kogi muna cin soyayyiyar tarwaɗa, ka ce, "Faifaina na fitowa, ƙofarku zan fara bugawa." Faifai uku ke nan, ya hasken raina! Rediyo ya fi ni samunka.

Gwaggo Verna ba ta raga mini. Jiya ta ɗaga wandon ta ce, "Oh ni Verna! Mutum ya durƙusa wa mutanen Detroit, ya durƙusa wa mutanen Harlem, ke ko gwiwa ɗaya bai taɓa kafa miki da zoben neman aure a hannu ba? Mista Pruitt mai kantin magani zai zo ran Lahadi neman aurenki, sai ki shirya amsa." Na yi dariya a gabanta, na shiga ɗaki na sha kuka.

Ba na son Pruitt, kai nake so, amma bakina ya gaji da kare ka. Na ɗinke wandon, har na ninka masa yadi, sai dai ba zan kai shi gidan waya ba. Ka zo ka sa shi a barandar Gwaggo kafin Lahadi. Ina so in gani da idona yadda ake yaga shi, ko da gwiwa ɗaya ce.

Taka har ƙarshen numfashi,
Ozella