Sai Juma'a, Inna

Laraba, 10 ga Shawwal, 1268

Yau ma awaki na kai wa tuwon jiya. Har su sun fara sunsunawa su kau da kai.

Mu huɗu ne a gidanga: ni, da maigida, da ɗiyarmu Saudatu mai famfara, sai Inna mahaifiyarsa. Amma Inna tuwon gayya take tuƙawa. Zamanin surukina marigayi Malam Illo, gidanga masaukin fatake ne, babbar tukunya ba ta sauka daga murhu. Ya daɗe da rasuwa, fatake sun sauya masauki. To, tun bara da hankalin Inna ya fara yawo, kullum la'asar sai ta ce, "Atika, hura wuta, ayari na bakin ƙofa." Muna kai wa maƙwabta, su karɓa da godiya, duk da haka sai ya rage. Da rani ina shanya saura ya zama ƙanzo. Yanzu damina, sai hunhuna. Allah Ya yafe mana wulaƙanta hatsi.

Asabar, 13 ga Shawwal

Maigida Muntari (a takarda dai na iya kiran sunansa) ya hau rumbu da safe, ya duba hatsi ya sauko. Sai da ya ɗauki fatunsa zai tafi rumfar dukanci ya tsaya a zaure ya ce, in anka ci gaba haka, hatsinmu ba ya kai mu sabon gero. "Ki karɓe muciya daga hannunta." Na ce ni? Uwarka? Ya ce shi ba ya iya kallon idonta.

To ni da wane ido?

Litinin, 15 ga Shawwal

Na kai babbar tukunya gidan Habiba maƙwabciya, na ce ta ɓoye mini.

Laraba, 17 ga Shawwal

Inna ba ta cin komai. Ta nemi tukunyarta har ƙarƙashin gado, da ta gaji ta zauna bakin madafi, hannu bisa cinya. Saudatu ta kai mata fura, ta ture. Ta ce, "Wanda bai ciyar ba, mi zai ci?" Da na durƙusa ina lallashinta sai ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar wa ce, baƙuwa?"

Matar da ta yi mini wankan jego da hannunta. Na tafi gidan Habiba na ɗauko tukunyar bisa kaina. Inna ta shafa cikin tukunyar kamar mai shafa kan jariri, sannan ta sha furar.

Juma'a, 19 ga Shawwal

Muna tsinke tafasa na ce, Inna, da can mi kuke dafa wa fatake ran Asabar? Don in ja ta da hira ne kawai. Ashe abin da ta ci da safe ne ba ta tunawa, na shekarun baya yana nan daram. Ta ce Asabar ba a ɗora sabuwar tukunya, ɗumamen tuwon Juma'a ake ci, abin da ya rage a dama shi da nono. Lahadi wake, a bar rabi don kwaɗon Litinin. Tana faɗa tana kaɗa yatsa kamar malamar allo.

Sai wata dabara ta faɗo mini. Na ce, Inna, ki koya mini makonki, ni ban iya ba. Ta yi dariya har da tafi: "Dama na gani!"

Munka zauna munka tsara shi tare, da abin da ke gidan. Talata tuwon dawa da miyar kuka, gwargwadon dare da ɗumamen safe. Laraba dambu da zogalen bayan ɗaki, ba ya cin tsaba da yawa. Alhamis fura, da ɗan kifi in Habiba ta samo daga masunta. Babbar tukunya sai Juma'a. Na ce mata fatake sun aiko, yanzu ran Juma'a suke sauka. Allah Ya gafarta mini wannan. Amma ai in an sauko daga masallaci zaure ba ya rasa baƙo, kuma maƙwabta na nan.

Lahadi, 21 ga Shawwal

Saura awo. Inna ba ta yarda a rage adadin ƙwaryar da take ɗiba. Na sauya mata ƙwaryar awo da wata 'yar ƙarama mai irin zanen waccan. Ta ɗebi adadinta cif, tana ƙirga da ƙarfi. Waken ya ishe mu, ya bar na gobe, ba ƙari.

Maigida ya kalli ƙwaryar, ya kalle ni, ya cusa loma don kada ya yi dariya.

Alhamis, 3 ga Zulƙida

"Yau ayari na zuwa?" "Sai Juma'a, Inna." Kullum. Saudatu ma ta haddace, tana riga ni amsawa.

Juma'a, 4 ga Zulƙida

Tun hantsi Inna ta ɗaura zanen saƙinta na fita. Ta tuƙa da kanta, ni riƙe tukunya kawai. Wani tsoho mai jaki daga Gandi ya ci a zaure, ya aiko a gaishe da mai tuwo, wai rabonsa da irinsa tun uwarsa na da rai. Inna ta yini tana maimaitawa. Awakinmu kuwa sun koma ciyawa, suna harara ta.

Talata, 15 ga Zulƙida

Zazzaɓi ya kwantar da ni jiya. Na ce wa Saudatu ta tashe ni da la'asar, wasa ya ɗauke ta. Ƙamshi ne ya tashe ni. Inna ta gano tulun shinkafar da nake adanawa don Layya, ta juye duka a babbar tukunya.

Na yi mata tsawa. Ban taɓa ba. Na ce Inna mi kika yi haka, babu wani ayari, babu kowa! Ta tsaya da mara a hannu. Ta ce, "Na ga ba ki da lafiya ne. Na ce kada ki tashi ki tarar ba a yi komai ba."

Na shige ɗaki na yi kuka, na shinkafa da na bakina.

Da safe ita ta manta, ni ban manta ba. Ita ce ma ta ce a jiƙa ɗan gero a niƙa, a haɗa da shinkafar jiya, a bari ya tashi a yi masa. Munka yi. Mun ci, Habiba ta ɗauki saura ta ba mu wake a madadi. Ko ƙwara ba ta kai ga awaki ba. Maigida ya ce Layya da tuwon dawa ma Layya ce.

Asabar, 26 ga Zulƙida

Yau hankalinta ya dawo gida na ɗan lokaci. Muna bakin murhu tana juya 'yar ƙwaryar a hannu, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wagga ba tawa ba ce." Na ɗago na dube ta. Ta ce, "Tawa ta fi ta ciki. Bar ta dai. Hannuna ne bai san gida ya ragu ba." Ta kama kunnena ta ɗan ja, kamar yadda take yi wa Saudatu. "Mai wayo."

Kafin magariba ta sake tambayar ayari.

Laraba, 7 ga Zulhajji

Maigida ya zo da zangarniyar sabon gero daga gona, munka gasa tumu. Ya hau rumbu, ya ce har yanzu akwai damma a ƙasa. Mun kai. Alhamdu lillahi.

Lahadi, 11 ga Zulhajji

Yaya Zulaihatu, yayar maigida, ta zo Layya daga Wurno. Mun yini muna suyar nama da yanyana na shanya, Inna na nuna wanda za a ci yau da wanda zai jira. Yaya ta ga komai: tambayar ayari, da ƙwaryar, da yadda Inna ta kira ta da sunan wata. Ta ja ni gefe ta ce, "Atika, kin yi iyakar yinki, Allah Ya saka. Zan tafi da ita ki huta. Can akwai hannuwa da yawa." Maigida ya ce shawara tawa ce.

Litinin, 12 ga Zulhajji

Na ce wa Yaya a'a, a bari tukuna.

Na ce can ba su san makonta ba, za su ba ta tuwo ran Laraba ta rikice. Na ce ga sabon hatsi zai shigo, wa zai nuna mini yadda ake jera shi a rumbu. Na ce hanyar Wurno da laka, jaki zai wahalar da ita. Yaya ta dube ni tana murmushi, don da ƙafarta ta biyo hanyar, ko zanenta bai ɓaci ba.

Ba wani abu ba ne. Na saba ne da mutum kusa da murhu.

Inna ba ta kama sunana yau ba ko sau ɗaya. Da Yaya ta tambaye ta wace ce wannan, sai ta ce, "Wagga? Tare muke girki."

Bari in tashi. Kwaɗo ne yau, kuma ba ta son a sa gishiri ba ta nan.