Abin Da Muka Shayar Da Dangin Meshari

Ammariyya, Jidda

Zuwa ga yayata Hikima,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Malam da yara, da duk mutanen Fagge. Allah ya ƙara sauƙin ciwon ƙafar nan taki. Mu nan alhamdulillahi, maigidana Abdulmajid yana fita shagonsa, an kuma sabunta mana iƙama, takardar izinin zama, ba tare da wahala ba. Kin yi ta kira ina katsewa, ki yi haƙuri. Maganar da ke bakina ba zan iya faɗarta da murya ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Tun bayan azumi cikin Abdulmajid ya ɗaure, bayan gida ya zame masa wahala, ga shi ba ya son a sani. Maƙwabciyarmu Sulaikha, 'yar Indiya ce daga Kerala, ita na yi wa zancen a ɓoye. Ta ce a maganin gargajiyarsu da suke kira Ayurbeda akwai wani itace mai ruwan ɗorawar fure da ke zubowa reto-reto, 'ya'yansa dogaye baƙaƙe kamar sanda. Da ta nuna min hotonsa sai na ga kamar itacen marga na gida. Larabawa suna ce masa khiyar shambar, na kuwa same shi wajen masu kayan ƙamshi a kasuwar Balad. Ana fasa kwanson, a kankare baƙin abin nan mai danƙo, a jiƙa a ruwan ɗumi, a tace. Ta ja kunnena cewa kaɗan ake sha, kuma ban da tsoho mai rauni sai likita ya yarda. Abdulmajid ya sha ya ji daɗin jikinsa. Ni kuma don kada in riƙa jiƙawa kullum, sai na haɗa mai kauri cike da jug, na sa a firji.

Ranar Alhamis mahaifiyar Meshari, yaron da ke neman 'yata Nuha, ta zo ganin gida da ƙannenta mata biyu. Mutanen unguwar Aziziyya ne, masu mutunci. Ina can kicin ina fama da sambusa, na ce wa Nuha ta kai musu tsamiyar da na haɗa. Yaya, tsamiyar da maganin launinsu ɗaya. Yarinya ta ɗauki wancan jug ɗin, ta ɗanɗana ta ji babu tsami sosai, ta matsa lemon tsami, ta ƙara sukari da ƙanƙara, ta kai. Suka sha, har uwar ta ƙara. Sai bayan sun tafi na buɗe firji na ga tsamiyata tana nan yadda na ajiye ta. Na zauna a ƙasan kicin.

Washegari Meshari ya gaya wa Nuha cewa gudawa ta kama su duka uku, mahaifiyarsa kuma, da yake tana da ciwon suga, har an kai ta asibiti an yi mata ƙarin ruwa. Abdulmajid ya ce mu yi shiru tunda ta samu sauƙi, shi ke nan, babu wanda zai gane. Na so in bi maganarsa. Sai muka ji sun ɗora laifin a kan Hadjara, 'yar Chadi da ke yi musu girki, wai kifin da ta dafa ya lalace, har sun ce ta haɗa kayanta.

Na sa abayata, na ɗauki kwanso ɗaya a jaka, na tafi. Na samu Ummu Meshari a kwance a falo, ta rame, idanunta sun faɗa. Na ajiye kwanson a gabanta, na faɗi komai, har ciwon mijina da ya ɓoye wa kowa. Ban iya ɗaga kai ba.  Sannan ta sa aka kira Hadjara, ta ce min, "Maimaita a gabanta." Na maimaita.  Uwar ta nemi gafarar Hadjara a gabana, ni kuma ta ce in gaida gida.

Nuha ta kulle kanta a ɗaki tana cewa ita ta kashe aurenta da hannunta. Na ce mata laifina ne da ban rubuta komai a jikin jug ɗin ba, ta ƙi ji. Sulaikha ma ta zo tana ta ba da haƙuri, alhali ita ba ta yi komai ba sai alheri. Abdulmajid ya daina zuwa masallacin da kawun Meshari yake salla.

Jiya dangin Meshari suka dawo, maza da mata, an sa rana bayan Babbar Salla. Ummu Meshari ta rungume Nuha, ta kira ta 'yata. Amma da na kawo shayi da ruwa, sai ta buɗe jakarta ta fito da robar ruwanta, ta ce likita ne ya hana ta shan na waje. Ƙannenta ma kofunansu suka huce a gabansu. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya ambaci abin. Na kwashe kofunan a cike na mayar kicin.

Ki sa mu a addu'a, kuma ki shirya zuwa biki, don ina bukatar wadda za ta tsaya kusa da ni ranar. Don Allah kada Gwaggo Fatsuma ta ji wannan labari. Ki gaida Malam, da Badr da matarsa, da Mariama. Nuha da Arwa suna gaishe ki.

Taki ƙanwa,
Mastura