Inna Ta Canza wa Tsutsotsina Ruwa

Daren Lahadi, unguwar Briketeri

Ranar Juma'a malamarmu ta labo, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ta ba ni kwalbar ruwan teku daga Kribi, in riƙa ɗiga wa jariran tsutsar teku da ke ciki abinci har Litinin. A mikroskop na ga ɗaya: dunƙulalle kamar katantanwar da yara ke murzawa, da ɗamarar gashi, sai juyi yake yi. Wai uwa da uba kowa sakin ƙwayoyin haihuwarsa yake cikin ruwa, shi ke nan. Ɗan ya yi ta yawo har jikinsa ya fito gaɓa-gaɓa, sannan ya sauka cikin yashi. To wa ya nuna masa inda zai sauka? Wannan tambayar ta ƙi barina.

Yau na dawo daga wajen tela na tarar Inna ta zubar da ruwan, ta wanke kwalbar tas, ta cika da na famfo.

"Kwana biyu ruwa a buɗe, Hadiza? Sauro kike kiwo?"

Na ce a ruwan gishiri suke rayuwa. Ta ce ai ga gishiri nan a kicin. Na rasa kuka zan yi ko dariya.

Allah ya taimake ni jiya na ɗibi kaɗan a ƙaramar kwalba. Ɗazu na haska tocilan, ga ɗigo uku farare suna motsi. Inna ta leƙo, ta tambayi ina uwarsu. Na gaya mata. Ta daɗe tana kallo.

"Ashe marayu ne," ta ce.

Ta ɗauko faifanta sabo ta rufe su.