Ranar Asibitin Juwairiyya

Makoda

Zuwa ga autata Fauziyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan alhamdulillahi, gyaɗa ta yi fure.

Na ba direba takarda ne don maganar ba ta waya ba ce. Mataimakin nan mai magana da kika haɗa mini da kalanda a waya kwanan nan yana aikinsa. Yana tuna mini maganin hawan jini da ranar kasuwa, har bikin ɗan Dogo maƙwabcinmu shi ya gaya mini.

Amma jiya da hantsi ina gyaran fartanya a tsakar gida, sai na ji ya ce: "Gobe ranar ganin likitan Juwairiyya ce a Ɗambatta." Fauziyya, sai da fartanyar ta suɓuce mini. Tun da muka binne mahaifiyarki bara ban ƙara jin sunan nan a bakin kowa ba, kowa "marigayiya" yake cewa. A ina ya san ta?

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Abdulkabir

Kaduna

Baba,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka cikin ladabi, jikokinka ma suna gaisuwa.

Don Allah ka yafe mini. Kalandar da na haɗa shi da ita, ita ce wadda nake sa ranakun asibitin Inna lokacin jinya. Na saita ranar ta riƙa maimaituwa kowane wata, na manta ban cire ba. Shi bai san ta rasu ba, abin da ya gani yake karantawa. Na goge daga nan, ba zai sake tayar maka da hankali ba.

Baba, zaman nan kai kaɗai ya isa haka. Ɗaki na nan mun gyara. Idan an cire amfanin gona ka taho.

'Yarka, Fauziyya

Makoda

Fauziyya,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta iso.

Ni tambaya na yi, ban ce ki goge ba.

Abin da ban gaya miki ba shi ne, washegarin ranar nan na sa babbar rigata, na hau mota zuwa Ɗambatta. Na zauna kan bencin ƙofar asibiti inda nake jiran ta. Na sayi rake kamar yadda muka saba, na sha rabi, na dawo da rabi. Ban yi kuka ba. Hasali ma ranar na yi barci mai daɗi.

Wannan watan na yi ta sauraro, shiru. Na ce masa, "Maido mini da ranar Juwairiyya." Ya ce shi karantawa kawai aka ba shi izini, rubutawa sai ke. Na ce to faɗi sunan kawai. Ya faɗa, amma ba ɗaya ba ne da ya faɗa don kansa ina tsakiyar aiki, kamar tana ɗaki tana neman mayafinta.

Kin san irin tarbiyyarmu, tsawon zamanmu ban cika kiran ta da sunanta ba. Yanzu kuma babu wanda zan kira.

Maganar Kaduna ki bar ta tukuna.

Mahaifinki

Kaduna

Baba,

Barka da war haka. Na karanta takardarka a wurin aiki, sai da na fita waje.

Na kasa mayar da ranar asibitin da hannuna, don ni abin da nake tunawa a ranakun nan daban ne. Amma tun ranar da takardarka ta iso na ba mataimakin izinin rubutawa. Duk abin da ka ce ya sa, zai sa.

Yau na buɗe kalandar, na ga har ka gano, ka gwada. Na ga kowace Alhamis: "Juwairiyya za ta wanke kai." Na ga ranar kasuwa: "A sayo wa Juwairiyya daddawa."

Ban taɓa komai ba. Abu ɗaya na ƙara a Asabar mai zuwa, zai gaya maka da kansa. Ka bar wayar a kunne, ka kuma share mini ɗakin Inna.

'Yarka, Fauziyya