Dutsen da Kawuna Ya Tsinta Yana Narkewa, Kuma Ni Ake Zargi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni 'yar Maamobi ce a Accra, ina aiki a wani kamfani mai gyaran injunan hoto na asibiti. A cikin injin akwai wani dutse garai-garai kamar gilashi, shi ke mayar da abin da ya ratso jikin mara lafiya haske har hoto ya fito. Aikina in goge fuskarsa ta yi sumul, in naɗe shi da farin tef, a rufe shi ruf. A busasshen ɗaki muke yi da safar hannu, don wani irinsa kamar gishiri yake, da ya sha damshi ya fara lalacewa.

Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana, sana'ar tsofaffin ƙarafa yake a Old Fadama. Kwanakin baya ya fasa wani mataccen inji ya ci karo da irin dutsen nan. Shi ke nan, wai Allah ya ba shi lu'ulu'u. Kafin in ji labari duk gidan haya sun sani, har an fara ce masa Alhaji, mutumin da ko Kumasi sai da dalili yake zuwa.

Da na gani na faɗa masa gaskiya, na ce ba lu'ulu'u ba ne, kuma akwai guba kaɗan a ciki, ya daina shafa shi yana cin tuwo. Ya yi dariya ya ce boko ya ɓata ni. To ku da kuka san damshin iskar Accra, dutse ya fara yin rawaya yana tsattsafo da ruwa. Sai ya dawo wai in kai shi wurin aikinmu in goge masa ya yi ƙyalli, akwai wani mai shagon gwal a Nima da ke jira. Na ce in aka kama ni da kayan waje a ɗakin nan kora ce, kuma ko ya yi ƙyallin, cutar bawan Allah za mu yi.

Abin da ya ce shi ya fi ƙona min rai: "Ba ki son ci gabana koraa, ko kaɗan. Tun da idonki ya taɓa shi yake mutuwa." Matarsa ta daina amsa gaisuwata, mamata kuma kuka kawai take, wai in rufa mata asiri a wurin yayanta.

Wallahi ina son mutumin nan, shi ya tsaya min har na gama makaranta. In na goge, na ci amanar aikina na kuma taya shi damfara bai sani ba. In na ƙi, dutsen zai narke ko da ni ko ba ni, kuma har ya koma ga Allah zai riƙa cewa ni na cinye masa arzikinsa. Jama'a, yaya zan yi da Kawu kafin abin nan ya zama ruwa?