Zuwa Ga Jikar Wadda Aka Sa Tsallake

Taibatu, sanyin idona, ruwan farko na damina, farar balbela bisa koriyar shinkafar Bakura, zumar da ƙudan daji bai taɓa haɗa irinta ba! Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina mutanen gida, ina kakarki Habiba da ciwon ƙafa? Ni dai ina nan Ibadan, hannu cikin nama tun asuba, jiki ya gaji liƙis, zuciya kuwa tana Maradun ta ƙi biyo ni.

Ɗantala direban motar shanu ya kawo mini saƙonki. Wai in haƙura da ke, don kada a kira 'ya'yana jinin mayu. Haba Taibatu! Wa ya hana gulbi gangara? Wa ya ce wa gero kada ya bi rana? Saƙon nan ban karɓa ba.

Ina wurin aka yi abin, ba labari aka ba ni ba. Ruwan madatsar Bakolori ya ci gonaki, aka kwashe ku zuwa tudu mai duwatsu, zazzaɓi ya shiga yara, mutane suka rasa wa za su kama sai kakarki, tsohuwa mai daddawa. Aka jawo ta gaban jama'a, aka tuɓe mata kallabi, aka ce ta tsallake wani yaro mai zazzaɓi ta saki kurwarsa. Ta tsallake tana kuka tana salati. Uwar yaron ba na ganin laifinta, wallahi, wadda ɗanta ke shure-shure ba ta da sauran hankali. Amma dattawan da suka tsaya kallo, har yau in na tuna su sai naman bakina ya yi ɗaci.

Kin tuna ranar kasuwa da ta biyo baya? Kina zaune da ƙwaryar furarki, kowa na ratse ki yana tofa wa ƙirjinsa yawu, yana cewa kurwata kur. Na durƙusa na sha, na ƙara. Kika ɗago ido, ya Allah, idon nan! Kamar hadarin gabas ya yaye, wata ya leƙo. In da kama kurwa ne, ai ranar aka kama tawa, kuma ba na neman a sako ta.

Akwai wata Baturiya malamar makaranta da ke sayen nama wurina, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Na ba ta labarinku, sai ga hawaye. Ta ce a ƙasarsu ma an ƙone mata da yawa a zamanin da kan zargin maita, kuma ita da 'yan'uwanta da suka koma bautar gargajiya suna kunna masu kyandir, suna ɗaukarsu iyayen tafarkinsu. Har ta ce kakarki tasu ce. Na gode mata da hawayen, amma na ce a'a. Haka 'yan bori suka so yi, suka aiko wai ta shigo cikinsu tunda gari ya ƙi ta. Wancan ya ce mayya, wannan ya ce uwarmu, ba wanda ya tambaye ta. Ni na san ta: tsohuwa ce mai tazbaha da faɗan tsiya in an taɓa mata daddawa. Ina zaton waɗancan matan ma haka suke, bayin Allah da tsautsayi ya faɗa wa.

To ki saurara, hasken raina. Na aika wa baffana Maiwada, ya yi gardama ya gaji, ya yarda. Zai sayi goro a Mafara ranar Talata, ya shigo unguwarku da rana tsaka, ta gaban masu tofa yawun, ya nema mini aurenki. Kada ki ɓoye, kada ki sa a ce ba kowa. Ni kuma ina tafe da kaka, lokacin girbi, in Allah ya yarda. Ki faɗa wa tsohuwa angonta na zuwa, ta tuƙa tuwon da hannunta, a zaure zan ci, ƙofa buɗe.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a miƙa ni makwanci,
Tukur